Kunnen Matar Dakta

Ranar da kunnen Yaya Winifred ya fara ciwo, mijinta yana gidan rediyo yana zagin mazan da ba sa kai matansu asibiti. Ni da ita muna zaune a tsakar gidansu a Samaru muna ɓarar gyaɗa, rediyon yana kan kujera, muryarsa tana fita kamar ta fasto ranar tara kuɗin baiko a coci.

"Namijin da zai bar matarsa ta kwana da ciwo," in ji rediyon, "wannan ba miji ba ne, ɗan haya ne a gidan."

Yaya ta dafe kunnenta na hagu tana murmushi. "Diana, kin ji Baban Gregory? Kai, Ubangiji ya ba shi baki."

Baki kam an ba shi, ban musa ba. Ni ce ƙanwarta, tela ce ni a Muchia, kuma tun da aka yi auren nan nake kallon bakin yana aiki. Dakta Othniel ba likita ba ne, kada wani ya ruɗe. Ko allura bai iya yi ba, in ya ga jini sai ya nemi wurin zama. Daktan karatu ne, malami a jami'a, aikinsa binciken yadda kuɗi yake shiga yake fita a harkar lafiya, wa ke biya, wa ke talaucewa, me ya sa mutane suke mutuwa a gida ga asibiti a kusa. Ya yi shekaru yana yawo ƙauye-ƙauye da ɗalibai, ya dawo ya ce ya gano abokan gaban talaka: mai kemis, mai maganin gargajiya, da biyan kuɗin asibiti daga aljihu. Ceto kuwa yana cikin inshorar lafiya. Abin da yake koyarwa ke nan, shi yake faɗa a rediyo kowace Asabar, shi yake faɗa a wurin biki in an yi kuskuren ba shi makirufo. A lokacin kuma ana duba takardunsa don a ba shi farfesa, saboda haka ko atishawa ba ya yi sai ya duba wa ke kallo.

Da ya dawo da yamma, Yaya ta ajiye masa tuwo ta ce, "Baban Gregory, kunnen nan yana sukana."

Ya ajiye loma ya gyara tabarau. "Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ki ba ciwon?"

"Ni ban taɓa ba ciwo maki ba."

"Ki gwada, Maman Gregory. Ba a yanke hukunci babu hujja."

Ta yi tunani ta ce biyar, don kada ta zama mai raki. Ya ce biyar ba ta kai a tayar da mota ba, a sa ido a gani. Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na ce, "Dakta, kemis ɗin Emenike yana nan bakin titi, bari in sayo mata maganin ɗigawa."

Sai ya ƙware. Sai da Yaya ta bubbuga masa baya ta ba shi ruwa. Ya nuna ni da yatsa, ido duk hawaye, ya ce, "Diana, so kike ki kashe ni? Matata a shagon Emenike? Mutumin da na ambaci irinsa a rediyo yau da safe? Ya rantse ranar da wani daga gidan nan ya taka shagonsa zai yanka kaza ya ɗauki hoto."

"To asibitin kuɗi fa? Ga shi nan kusa."

"Ta biya daga aljihu? Kin san takarda nawa na rubuta a kan wannan? Asibiti za ta je, amma da katin inshora, kamar matar mai ilimi."

A nan gizo yake saƙar. Yaya ba ta da kati. Da aka sake rajista, an sa ranar da kowane ma'aikaci zai kai iyalinsa a ɗauke su hoto ya sa hannu. Ranar kuwa Dakta yana Abuja yana ba da lacca a kan muhimmancin yin rajista. Shi an ba shi nasa katin ta ofis, ita kuwa sai ya kai ta da kansa. Ya ce Litinin za su je.

Litinin ta zo da taron sashe. Laraba baƙi suka zo daga ƙasar waje, Turawa biyu da suke son ganin ƙauye. Wata Litinin ɗin ya ce ai ya manta, takardar aure tana cikin wani akwati, mabuɗin akwatin kuma yana ofis. Kullum da safe kafin ya fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yau nawa?" Ta ce shida. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin tumatir, ya shiga mota.

Abin da ya sa nake wannan surutun shi ne, kunnen Yaya ba irin kunnen kowa ba ne. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu a Sabon Gari. Ita take ɗauko murya, mata su amsa. In mai kaɗa tulu ta kauce ko kaɗan, Yaya ba ta ko juyawa, kafaɗa kawai za ta ɗaga, a gyara. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta da ofis, ɗanta ɗaya Gregory yana can kudu yana bautar ƙasa. Waƙar nan ita ce abinta a duniya, da kunne kuma ake yin ta.

Kunnen ya fara ruwa. Ta riƙa cusa auduga tana ɗaura kallabi ƙasa-ƙasa don ya rufe. Matan coci suka ɗauka sabon yayi ne, har biyu suka kwaikwaya. Da suka gane, sai magani ya fara zuwa ta ko'ina. Wata ta ce ruwan albasa, wata ta ce man kaɗanya mai ɗumi. Nkechinyere, maƙwabciyata a kasuwa mai sayar da robobi, ta naɗo wata 'yar kwalba a cikin leda ta ce, "Ba Madam, ta sa biyu-biyu, kada Oga ya gani." Na kai mata, na ce ta ɓoye a cikin garin masara.

Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, ranar nan sai ga shi a kicin yana neman ashana. Ya fito riƙe da kwalbar da yatsu biyu kamar ya kamo ɓera.

"Maman Gregory, wa ya rubuta miki wannan?"

Ta gyara kallabinta.

"Babu takardar likita, babu ranar lalacewa. Kin ga abin da nake faɗa?" Sai na ga fuskarsa ta washe. "Kai, wannan misali ne mai kyau."

Ya sa a aljihu. Washegari ya kai aji ya nuna wa ɗalibai, ranar Asabar kuma muka ji shi a rediyo yana karkaɗa ta kusa da makirufo, yana cewa ya samo ta ne a gidan wata baiwar Allah da jahilcin mijinta ya jefa ta hannun 'yan kasuwa. Yaya tana zaune tana saurare da kunnen dama, ta ce, "To ai bai kama suna ba."

Na ce, "Yaya, ki tashi mu tafi asibiti yanzu. Ni zan biya. Ba sai ya sani ba."

"A Zariyar nan? Wa bai san ni ba? Kafin mu fito an kai labari jami'a. Diana, mutumin nan ya sha wahala a kan farfesan nan. Ba ni zan zame masa ƙarfen ƙafa ba. Litinin za mu je."

Na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu.

A cikin makon nan motarsa ta fara wani ɗan ƙara, ƙiii, in ya taka birki. Ranar ya fasa shiga aji, ya kai ta wurin makanike a Dogarawa, ya wuni a kan benci yana tambaya ko za ta tashi. Da na yi magana ya ce, "Mota ba ta cikin inshora, Diana. Kuma in birki ya tsinke, mutum nawa ne za su mutu? Kunne kuwa mutum ɗaya ne, shi ma yana da wani a ɗaya gefen. Wannan shi ake kira fifita abin da ya fi amfanar jama'a."

Na ce, "Allah ya ƙara ilimi."

Ya ce, "Amin." Har ransa ya amsa.

Wata ranar Alhamis na je sayen zare a can wajen Kwangila. Ina tsaye sai na hango wani mutum a cikin wani ɗan kemis, ya sa hular hana-sallah ya ja ta har hanci, ya ɗaure wuya da mayafi, yana magana ƙasa-ƙasa. Tumbin na gane. Kifi na ganinka mai jar koma! Na shiga na tsaya a bayansa. Yana cewa, "Maƙogwaro ne, gobe ina da jawabi a Kaduna, a ba ni mai ƙarfi."

Na ce, "Sannu da jiki, Dakta. Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba shi?"

Ya zabura har ya ture kwalin filasta. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya jawo ni waje ya ce, "Kin ɓata min aiki. Bincike nake yi. Akwai hanyar da mai bincike yake ɓad da kama ya zo kamar mara lafiya don ya ga abin da za a sayar masa. Duk duniya ana yi."

"To maganin da aka ba ka fa?"

"Shaida ce."

"Na ga ka haɗiye biyu."

"Dole a tabbatar da ingancinsa."

Da na gaya wa Yaya, sai ta yi dariya har ta dafe kai don zafi. Ta ce, "Ki bar shi, maƙogwaron nan da shi muke ci." Ita kuwa a lokacin kunnen dama ma ya fara amsawa. In ana magana sai ta karkato kai kamar kaza tana kallon shaho. Ɗakin ya fara wani wari da turare ba ya kashe shi. Dakta ya lura da warin, ya koma kwana a falo, ya ce yana rubutu ne ba ya son ya dame ta.

Na je na sami matar fasto. Ta ce za ta yi addu'a, kuma mace ta gari ba ta tsallake maganar mijinta, balle miji irin wannan da ya san lafiya fiye da kowa a cocin. Na sami wani dattijo danginsu, ya ce, "Ke tela za ki koya wa Dakta asibiti?" Kowa ya jingina da ilimin mutumin, ilimin kuwa yana Kaduna yana jawabi.

Sau ɗaya dai ya ɗauke ta za su ofishin rajista. Ta yi kwalliya, ta ɗauko takardar aure. A hanya wani ɗan jarida ya kira shi yana son jin ra'ayinsa a kan kasafin kuɗin lafiya. Ya faka a gindin bishiya ya fara bayani. Ya yi ta bayani, Yaya tana zaune tana gumi, har mai rake da ke gefe ya sayar da kayansa ya tafi. Da suka isa an tashi. Ya dawo gida yana cewa wannan ma abin rubutawa ne, yadda lokutan aiki suke hana talaka samun kulawa.

Ranar Lahadin da mata suke da waƙa ta musamman, coci ya cika. Yaya ta fito gaba da anko, ta ɗaga hannu, ta ɗauko waƙa. Ni ina cikin jama'a, tun daga baitin farko na san an samu matsala. Ta ɗauko ta can sama inda ba kowa zai kai ba, kuma ba ta jin tulu. Ita tana gabas, masu amshi suna yamma, mai tulu tana bin ta a guje tana zare ido. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Yaya ba ta sani ba, ta rufe ido tana yi da iyakar ƙarfinta. Sai ta juya don ta ba mata hannu, jiri ya kwashe ta, ta tafi luuu ta faɗa kan mai tulu. Tulun ya fashe.

Dakta ba ya nan, yana wani taro a Jos. Ban tambayi kowa ba. Ni da Nkechinyere muka cicciɓe ta muka sa a Keke, tana cewa, "Ku bari Baban Gregory ya dawo," ni kuwa na ce wa mai Keke in ya tsaya sai na ci mutuncinsa.

Likitan da ya duba ta saurayi ne, bai san mu ba. Ya leƙa kunnen hagu ya daɗe, ya leƙa na dama, ya ajiye fitilarsa ya kalle mu rai a ɓace.

"Tun yaushe?"

Na ce tun kafin damina.

"Haba! Abin da maganin sati ɗaya zai kashe? Na hagun ya riga ya tafi, ciwon ya cinye har ciki. Na daman za mu yi ƙoƙari mu tsare abin da ya rage, amma ba zai dawo kamar da ba. Tana da miji?"

Na ce tana da shi, har da tabarau.

"Shi ba ya jin rediyo ne? Akwai wani Dakta Othniel da yake magana kowace Asabar a kan irin wannan. Ku ce masa ya riƙa saurare, zai ƙaru."

Na buɗe baki, Yaya ta mintsine ni a cinya har sai da na yi ƙara. Ba ta ji abin da ya ce duka ba, amma ta ga sunan a bakinsa. Likita ya ce ni ma in ina da ciwo in yanki kati.

Da Dakta ya dawo ya ji, ya zauna a kujera ya sunkuyar da kai. Na ce yau dai abin ya taɓa shi. Can ya ɗago ya ce, "Da sunan wa kuka yanki katin?"

Na ce da sunan babanmu.

Ya sauke ajiyar zuciya. "Kin yi hankali." Sai ya matsa kusa da Yaya ya ɗaga murya. "Maman Gregory, amma ke ma da laifinki. Ba ki taɓa cewa goma ba. Da kin ce goma, da na ajiye komai."

Ta ce, "Na'am?"

Ya maimaita. Ta ce, "Eh, na ci, Diana ta dama min kunu."

A makon nan ya kai ta aka yi rajistar. Abin bai ɗauki lokacin da ake dafa shinkafa ba. Katin ya fito da hotonta tana murmushi, kallabi ya rufe kunne. Ya riƙa nuna wa baƙi.

Farfesan ya fito. Aka sa ranar laccar da sabon farfesa yake yi a gaban jama'a, ni na ɗinka wa Yaya leshi. Zaure ya cika da manyan malamai masu jajayen riguna, aka zaunar da mu a layin gaba. Ya yi magana a kan jinkiri, yadda mace takan yi ciwo a gida ana ce mata gobe, har gobe ta ƙare. Ya kawo alƙaluma, ya nuna zane a bango. Wata mata a bayana har da share hawaye. Ni kuwa ina ta cin cingam don kada bakina ya yi abin da ya saba.

A ƙarshe ya cire tabarau, murya ta yi laushi. Ya ce akwai mace guda da in ba don haƙurinta ba da bai tsaya a nan ba, wadda ba ta taɓa ɗaga masa hankali da ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ya ce Winifred ta tashi jama'a su gan ta.

Aka ɗauki tafi. Yaya tana zaune tana kallon takalminta. Tafi ya yi ta yi har ya fara gajiya, mutane suna leƙe. Na taɓa ta. Ta ɗago ta ga duk zauren ita yake kallo, ta tsorata. Wanda ba ya ji ba ya sanin ƙarfin muryarsa, balle mai ba da waƙa. Tafin ya yanke daidai lokacin da ta ce, da muryar da ta kai har ƙofar baya:

"Diana, me ya faru? Me yake cewa? Kin san tun da kunnen nan ya ruɓe ba na jin komai!"

Wani a baya ya yi tari. Farfesa ya mai da tabaransa, ya yi 'yar dariya, ya ce wa jama'a, "Kun gani ko? Matsalar nan ba ta bar kowa ba. Shi ya sa muke buƙatar ƙarin bincike." Aka sake tafawa, na rantse, har da masu tashi tsaye. Bayan nan aka ci shinkafa da kaza.

Ku da kuke tafa wa irin waɗannan mutane, ku riƙa tambaya ina matansu. Ba jahilci ne ya kashe kunnen yayata ba, ba talauci ba ne, ba nisan asibiti ba. Duk abin da ya kamata a sani, an san shi a gidan nan, har ana koya wa wasu. Mutum ne ya auna sunansa da kunnen matarsa ya ga sunan ya fi nauyi, mu kuma duk muka taya shi riƙe ma'aunin saboda yana da digiri. Laifi tudu ne, Farfesa ya taka nasa yana hango na mazan ƙauye, kuma har yau kowace Asabar yana kan tudun.

Matan Zumunta sun yi mata kara. Ba wanda ya ce ta sauka, sai dai suka ce wata yarinya, Elizabeth, ta riƙa taya ta ɗauko murya. Yaya ta gane. Lahadin da ta biyo ba ta sa anko ba, ta zo ta zauna kusa da ni a cikin jama'a. Da mata suka fito suka fara, ta tsura wa bakunansu ido, tana motsa nata leɓen ba sauti. Can ta matso ta riƙe hannuna, wannan karon a hankali ta yi maganar, don ta koyi tsoron muryarta.

"Diana, sun ɗauko ta daidai?"

Elizabeth ta ɗauko ta ƙasa da yawa, mai tulu kuma tana gudu. Na gyaɗa mata kai na ce daidai ne. Ta ce to madalla, ta ci gaba da kallon bakinsu har aka gama.